Tiyatar gyaran hanci: wa take yi wa rana, wa take kunyatawa

Duk wanda zai kwanta a yi masa tiyatar gyaran hanci, abu biyu yake saye a lokaci guda, ko ya sani ko bai sani ba: siffar da zai riƙa gani a madubi, da hanyar da iska za ta bi a kowane numfashi har ƙarshen rayuwarsa. Tallan da ake yi wa aikin nan na farkon kawai yake nunawa, hoton kafin da hoton bayan. Mu kuwa da na biyun muke fara auna shi. Hancin da ya yi kyau a hoto amma mai shi yana kwana baki buɗe, aiki ne da ya ɓaci, ko da kowa na yabawa.

Hukuncinmu ba ɓoyayye ba ne. A hannun wanda ya ƙware, ga mutumin da ya dace, aiki ne mai amfani ƙwarai, kuma sakamakonsa na dindindin ne. Amma yana cikin tiyatar kwalliya mafi wuya, don milimita ɗaya ko biyu ne ke raba hanci mai kyau da wanda za a koma gyarawa.

Aikin ya daɗe. Littafin Sushruta na tsohuwar Indiya ya bayyana yadda ake yanko fata daga kumatu a sake gina hancin da aka datse, Gaspare Tagliacozzi na Italiya kuma ya wallafa hanyar ɗauko fata daga damtse a 1597. Gyaran siffa ta cikin hanci, ba tabo a waje, John Orlando Roe ne ya bayyana shi a Amurka a 1887, sannan Jacques Joseph ya bunƙasa fannin a Jamus daga 1898. Shekaru masu yawa bayan su, abin da aka sa gaba shi ne ragewa: a kankare, a yanke, a ƙanƙantar. Sai aka riƙa ganin hancinan suna lotsawa bayan shekara biyar ko goma, masu su na kukan toshewa. Wannan ya sa fannin ya juya zuwa ginawa da tokarewa. Duk likitan da har yanzu maganarsa ba ta wuce "za mu rage nan, mu rage can" ba, an bar shi a baya.

Sai an san ginin kafin a gane dalili. Kashi ɗaya cikin uku na saman hanci ƙashi ne, sauran biyun guringuntsi. Katangar da ta raba hanci gida biyu, wadda likitoci ke kira seftum, gabanta guringuntsi ne, bayanta ƙashi, kuma ita ce ginshiƙin da ke ɗauke da karan hanci da tsininsa. Wuri mafi ƙunci a duk hanyar iska yana ciki kaɗan da ƙofar hanci, inda katangar ta haɗu da guringuntsin gefe. A siririn hanci kusurwar wurin digiri 10 zuwa 15 ce kawai. A faffaɗan hanci ta fi haka. Wannan ɗan mashigin shi ne yawancin aikin banza ke lalatawa.

Ingancin aikin yana bayyana tun a ganawar farko, kafin a taɓa wuƙa. Likitan kirki zai leƙa cikin hanci da fitila, ko da siririyar kyamara. Zai ja kuncinka gefe a hankali ya ce ka shaƙi iska. Idan numfashi ya buɗe nan take, mai yiwuwa mashigin nan ne ke da rauni. Zai matsa fatar tsinin hanci da yatsu ya ji kaurinta, ya danna tsinin ya ga ko yana da ƙarfin dawowa. Zai ɗauki hoto ta gaba, ta gefe biyu, a karkace, da kuma ta ƙasa. Hoton da ake gyarawa a kwamfuta yana da amfani don ku fahimci juna, amma ba alkawari ba ne, domin kwamfuta ba ta san yadda fatarka za ta warke ba. Ganawar da aka gama ba a leƙa cikin hanci ba, ba mu ba ta maki ko ɗaya.

Akwai tambayoyin da dole a yi maka: hawan jini, ciwon suga, sikila, saurin zubar jini, shan taba, tabon da ke tsirowa ya yi tudu, da duk maganin da kake sha ko shafawa a fuska, musamman man da ke ɗauke da sinadarin sitiroyid, don yana sirantar da fata ya jinkirta warkewa. Shekaru ma suna da ƙa'ida: ana jira fuska ta gama girma, wajen shekara 15 zuwa 16 ga mace, 17 zuwa 18 ga namiji.

Ga mai kukan toshewa, a nan ne ake yawan sayar wa mutum abin da ba zai yi masa magani ba. Idan katangar tsakiya ce ta karkace, ko hanci ya taɓa karyewa ya haɗe a gicce, ko mashigin iska ne ke rufewa, tiyata tana warkarwa sosai. Idan kuwa borin jiki ne ga ƙura ko ƙwayar fure ke kumbura cikin hanci, wuƙa ba ta da abin yi. Magani ake fara gwadawa. Haka wanda ya saba da feshin buɗe hanci irin su oksimetazolin: ba a so a wuce 'yan kwanaki ana fesawa, in an zarce shi kansa feshin ke toshe hancin, maganin kuma a daina ne. A sani kuma cewa ƙofofin hanci biyu suna karɓa-karɓa ne, ɗaya ta ɗan toshe ɗaya ta buɗe bayan 'yan awanni. Wannan halitta ce, ba ciwo ba.

Wanda hancinsa ya karye yanzu-yanzu hukuncinsa daban. Cikin mako biyu na farko ana iya mayar da ƙashin mazauninsa ba tare da babbar tiyata ba. In aka wuce lokacin, ƙashi ya kama, sai a jira watanni a yi cikakken aiki.

Hanyar shiga biyu ce. A rufaffiyar hanya duk yankan a ciki yake, ba tabo a waje, kumburin tsini kuma yakan sauka da wuri. A buɗaɗɗiyar hanya ana ƙara ɗan yanka a siririyar fatar da ke tsakanin ƙofofin hanci biyu, a ɗage fatar gaba ɗaya a ga guringuntsi ƙuru-ƙuru. Wasu na tallata rufaffiyar kamar ita ce alamar gwaninta. Ba haka ba ne. Ga ƙaramin tozo a karan hanci ta wadatar. Ga hancin da ya karkace sosai, ko tsinin da za a sake ginawa, ko aikin da aka taɓa yi ya ɓaci, buɗaɗɗiyar ta fi, kuma tabonta in an ɗinke da kyau da ƙyar ake ganinsa bayan 'yan watanni.

Ranar aiki ana barin abinci awa shida kafin a sa barci, ruwa zalla kuma awa biyu. Aikin yakan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa uku, ya fi haka in za a ɗebo guringuntsin haƙarƙari. Lallai ya kasance a ɗakin tiyata na gaske, da ƙwararren mai sa barci wanda ba shi da wani aiki sai kula da numfashinka da bugun zuciyarka.

Galibi da katangar tsakiya ake farawa. Ana ɗaye fatar da ta lulluɓe ta ta gefe biyu, a cire ɓangaren da ya lanƙwashe, amma a bar aƙalla milimita 10 zuwa 15 a sama da gaba, a siffar harafin L. Wannan ragowar ita ke riƙe hancin. In aka yi zari aka ɗebe fiye da haka, karan hanci yakan lotsa a tsakiya kamar sirdi.

Sai tozon. Karan hanci kamar jinka yake: in ka sare ƙololuwarsa, sama ta buɗe. Don haka bayan an kankare tozon, ana tsaga ƙasusuwan gefe da 'yar kurfi ko da na'ura mai girgiza, a turo su ciki su rufe gurbin. Wannan tsagar ce ke kawo taruwar jini a ƙasan ido. Matsalar ita ce guringuntsin gefe, wanda da yake manne da tozon, yanzu ya rasa majingina. Tabo na janyo shi ciki a hankali, mashigin iska ya tsuke, a waje kuma a ga alamar harafin V a kife a tsakiyar hanci. Maganin da likita Jack Sheen ya bayyana a 1984 shi ne a yanko siraran guringuntsi biyu, kaurin kowanne kamar milimita 2, a soka su tsakanin katangar da guringuntsin gefe su tokare wurin. Ka tambayi likitanka kai tsaye yadda zai kare wannan mashigin. Amsarsa za ta nuna maka ko wane ne shi.

A tsini ma ƙa'idar ɗaya ce. Guringuntsi biyu masu lanƙwasa ne ke ba tsinin siffa, su kuma riƙe ƙofofin hanci a buɗe. Ana iya rage gefensu na sama, amma a bar faɗin milimita 6 zuwa 8. Ƙasa da haka, tsinin yakan tsuke kamar an matse shi da yatsu, ko bakin ƙofar ya ɗage sama a riƙa hango cikin hanci, ko gefen ya manne duk lokacin da aka ja numfashi da ƙarfi. Haka naɗaɗɗun tsokokin da ke bangon cikin hanci, masu ɗumama iska da jiƙa ta: in sun kumbura ana rage su kaɗan, ba a cire su. Wanda aka ɗebe masa su da yawa yakan zauna da bushewa da jin kamar iska ba ta shiga, alhali hanyar wayam take, kuma gyaran wannan yana da wuya ƙwarai.

Duk wannan bayanin ragewa na mai dogon hanci ne mai tozo. Mai faffaɗan hanci, karansa a kwance, fatarsa mai kauri da maiƙo, guringuntsinsa mai laushi, aikinsa kusan kishiyar wancan ne, kuma a nan ne aka fi cutar mutane. Fata mai kauri kamar bargo take: in ka rage abin da ke ƙarƙashinta ba ta bin sabuwar siffa, sai tabo ya cike gurbin, hancin ya ƙara zama dunƙule. Hanyar da ke aiki ita ce a ɗaga karan, a kafa wa tsinin ginshiƙi mai ƙarfi ya turo fatar waje. Hancin ya ƙaru a awo, amma a ido ya fi siranta. Tambayar ita ce da me za a ɗaga shi.

Guringuntsin katangar tsakiya shi ne na farko a wurinmu: miƙaƙƙe ne, mai ƙarfi, kuma a wurin aikin yake, ba sai an yi wani yanka ba. Aibinsa ƙaranci, musamman a faffaɗan hanci inda katangar kan zama ƙarama. Na kunne yana da sauƙin ɗauka kuma kunnen ba ya canza siffa in an bar gefunansa, amma lanƙwasasshe ne mai laushi; ya dace da gyaran gefen ƙofa da tsini, bai dace da ginshiƙi ba. Na haƙarƙari shi ne mai yawa da ƙarfi, galibi daga na shida ko na bakwai, ta yankan santimita 2 zuwa 4 a ƙirji. Farashinsa a jiki ake biya: ciwon ƙirji yakan fi na hanci a makon farko, jefi-jefi ana iya huda fatar da ta lulluɓe huhu, kuma guringuntsin yana son lanƙwashewa bayan an sassaƙa shi. Tun 1958 likitoci biyu, Gibson da Davis, suka nuna cewa in aka sassaƙa daidai wa daida ta kowane gefe, aka ɗauki tsakiyar, lanƙwasar tana raguwa. Wasu likitocin kuma suna yayyanka shi ƙanana su naɗe a cikin siririn yaɗin tsoka da aka ɗauko daga gefen kai, wanda ba ya lanƙwashewa, sai dai yana iya ɗan raguwa. Ga mai jikin tsiron tabo, a lura: tsakiyar fuska ba kasafai take yin irin wannan tabon ba, amma ƙirji da kunne wurarensa ne. A tattauna wannan kafin a zaɓi inda za a ɗebo.

Sai kayan roba: silikon, Gore-Tex, Medpor. Sun fi sauri, ba wani yanka a wani wuri, kuma a watannin farko suna ba da karan hanci miƙaƙƙe tsaf. Amma baƙo ne a jiki har abada. Silikon yana iya gocewa gefe, jiki yana naɗe shi da wata fata da kan tsuke ta gajarta hancin, ƙwayoyin cuta kuma na iya kama shi ko bayan shekaru. Mafi haɗari shi ne mai siffar L da ke sauka har tsini, don yana danna fatar wurin har ta sirance, wani lokaci ya huda ya fito. Gore-Tex da Medpor nama yana shiga cikinsu, don haka ba su cika motsi ba, amma in suka kamu da cuta cire su aiki ne, Medpor ya fi wuya. Ra'ayinmu: siririn silikon a karan hanci kaɗai, ga wanda ya fahimci cewa wata rana ana iya cirewa, abin karɓa ne. Roba a tsinin hanci, a'a.

Rage faɗin ƙofofi shi ne matakin da ba a iya warwarewa. Ana yanke 'yan milimita a gindin gefen hanci, a ɓoye ɗinkin cikin lanƙwasar da ke wurin. A ƙarshen aiki ake yinsa, domin ɗaga tsini shi kaɗai yakan janyo ƙofofin ciki, sai a ga ba a buƙatar yanke da yawa. In aka wuce gona da iri, ƙofar ta tsuke, lanƙwasarta ta halitta ta ɓace, hancin ya daina kama da fuskar da yake kai. Littattafan da suka ce faɗin hanci ya yi daidai da tazarar da ke tsakanin idanu, da fuskar Turawa suka yi awon. Ba doka ba ce ga kowa.

Allurar cika fata, wadda ake tallatawa a matsayin gyaran hanci cikin minti goma sha biyar, ba za mu wuce ta ba. Ruwan hayaluronik ne mai kauri ake tsirawa a cike lotsawa ko a ɓoye ɗan tozo. Ba ya rage hanci, ba ya buɗe numfashi, kuma yana narkewa cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Babban haɗarinsa shi ne jijiyoyin jinin hanci suna haɗe da na ido. In ruwan ya shiga jijiya, fata na iya mutuwa, ido na iya makancewa nan take, kuma ba kasafai ganin ke dawowa ba. Hanci yana cikin wurare mafi haɗari a fuska ga wannan allurar, wanda aka taɓa yi wa tiyata kuma ya fi. Duk inda ba su da hayaluronides, maganin da ke narkar da ruwan, a ajiye kusa da hannu, tashi ka fita. Silikon na ruwa kuwa ba ya narkewa ba ya fita, kar ka bari a tsira maka shi.

Jinya ba ta cika ciwo ba, toshewa ce ke damun mutane. Mako biyu kafin aiki ana barin asfirin da ibufurofen bisa shawarar likita, taba kuma aƙalla mako huɗu kafin da bayan, don tana tsuke jijiyoyin da fatar da aka ɗage ke rayuwa da su. Bayan aiki akwai makarin roba a kan hanci na kwana biyar zuwa bakwai, lokacin kuma ake cire zaren waje. Kumburin ido ya fi tsanani a kwana na biyu da na uku, ya washe cikin mako biyu. A kwanta da kai a ɗage kan matashi biyu ko uku. Ba fyace majina na mako biyu, atishawa kuma da baki buɗe. Ruwan gishirin wanke hanci, gram 9 a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, yana tausasa ɓawon jini, a fara shi ranar da likita ya ce. Tabarau kada ya hau karan hanci sai bayan mako huɗu zuwa shida, haka motsa jiki mai ƙarfi. Tsini yakan daina jin taɓawa, haƙoran sama na gaba ma wani lokaci, murmushi ya ɗan ƙage, jin ƙamshi ya ragu. Duk waɗannan sukan wuce.

Abin da ba a jira da shi: jini mai zuba ba tsayawa, zazzaɓi, fatar tsini ta canza launi ta yi duhu, ruwa garau mai ɗiga ta ƙofa ɗaya tare da ciwon kai, ko ciwo da toshewa masu ƙaruwa maimakon raguwa. Na ƙarshen nan yana iya zama jini ne ya taru tsakanin guringuntsin katanga da fatarsa. Guringuntsi ba shi da jijiyar jini, daga fatar nan yake samun abinci. In jini ya raba su na 'yan kwanaki sai ya mutu, katangar ta huje ko hancin ya lotsa. Ɗan tsagawa a zubar da jinin a ranar ya isa ya hana duk wannan. Shi ya sa muke ɗora nauyi sosai kan ko za ka iya samun likitanka da tsakar dare a makon farko, musamman ga wanda ya yi doguwar tafiya don aikin.

Siffar gaskiya ba ta fitowa sai bayan shekara ɗaya, ga mai kaurin fata har shekara ɗaya da rabi. Kumburin saman tsini ne ke daɗewa, har wurin ya yi tudu kamar bakin aku. In tabo ne sanadi, ana yin allurar sitiroyid kaɗan-kaɗan, can ƙasan fata, don in ta yi yawa ko ta tsaya a sama tana lotsa wurin, a baƙar fata kuma ta bar farin tabo. In guringuntsi ne aka bari da yawa ko tsinin ne ya faɗi, sai tiyata.

Rahotannin likitoci na sa masu komawa gyara na biyu tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin 100, kuma ba a yinsa sai an cika shekara. Wasu daga cikin masu komawar ba hancinsu ne ke da matsala ba. Akwai lalurar da ke sa mutum ya riƙa ganin mummunan aibi a jikinsa wanda wasu ba sa gani, tana cin awanninsa a gaban madubi, kuma tiyata ba ta magance ta. Likitan ƙwaƙwalwa ne ke taimakawa. Likitan fiɗar da ya gane haka ya ƙi yin aikin ya yi wa mutumin babban alheri.

Gyara na biyu ya fi na farko wuya nesa ba kusa ba, don tabo ya cakuɗa komai kuma galibi guringuntsin katanga ya ƙare. Saboda haka ka nemi ganin hotunan masu irin hancinka da fatarka, waɗanda aka ɗauka bayan shekara ɗaya, har da na ƙasa mai nuna ƙofofi. Ka tabbatar likitan ƙwararre ne a fiɗar kunne, hanci da maƙogwaro ko a fiɗar gyaran jiki, da rajistarsa a hukumar likitocin ƙasar da yake aiki. Bayan an gama kuma, kafin ka bar asibitin, ka karɓi rubutaccen bayanin tiyatar: nawa aka ɗebe daga katangar, nawa aka bari, me aka dasa, a ina, in roba ce wace iri. Duk likitan da zai sake buɗe hancin nan, ko bayan shekara ashirin, takardar nan zai fara tambaya.